Idan yaro ya ƙi ci a hadana: tsakanin ɗurar Kaka da ƙa'idar Abla

Uwa ta tashi tun asuba a Jidda, ta dafa shinkafa da miya, ta yanyanka kokwamba, ta shirya wa ɗanta ɗan shekara uku a ƙaramin mazubi ya tafi da shi hadana. Bayan la'asar ta biya ɗaukarsa, ta buɗe mazubin tun a bakin ƙofa, sai ta ga abin da aka taɓa bai fi cokali biyu ba. Ta ce, "Abla, yaron nan haka ya wuni da yunwa?" Abla, wato mai renon, ta ce, "Wallahi 'yar'uwa sau uku ina miƙa masa yana kau da kai. Mu kuma ƙa'idarmu a nan ba ma tilasta wa yaro." Da suka isa gida ta ba surukarta labari. Tsohuwa ta ce, "Ku ne kuka sangarta shi. Dama kunu ki miƙo min shi nan, ɗura ɗaya zan yi masa."

Gidajen Hausawa da yawa a Jidda da Makka da Madina sun san wannan ja-in-ja. A da ba a cika jin ta ba, domin ƙaramin yaro a gida yake wuni, a hannun uwa ko kaka ko goggo. Tun da Saudiyya ta ƙaddamar da shirin Hangen 2030 a 2016, aka kuma ba mata damar tuƙi a 2018, masu fita aiki suka ƙaru, gidajen renon yara suka yawaita. Akwai shirin Ƙurra, wanda Hadaf, asusun gwamnati na bunƙasa ma'aikata, ke ɗaukar wani kaso na kuɗin reno ga mata 'yan ƙasa masu aiki a kamfanoni. Sashe na 159 na dokar ƙwadago kuma ya ɗora wa mai ma'aikata mata 50 ko fiye tanadin wurin reno idan 'ya'yansu da ba su kai shekara shida ba sun kai goma. Hausawa 'yan ƙasa suna cin gajiyar wannan. Baƙi masu zama da igama kuwa, wato takardar izinin zama, daga aljihunsu suke biya, ko su kai yaro gidan wata maƙwabciya mai riƙe yara. Ko ta wace hanya aka bi, cokalin yaro ya koma hannun wata wadda ba 'yar gida ba, mai nata ƙa'idojin.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Hadana ita ce gidan renon ƙananan yara, tun daga jinjiri har zuwa kusan shekara uku. Rauda ita ce ta gaba, ta shirin shiga firamare. Abla kuwa shi ne sunan da yaran Hijaz, wato yankin Makka da Madina da Jidda, ke kiran malama ko mai reno.

Rikicin ya fi yawa a kan kalmar "ya ƙi ci", domin abubuwa dabam-dabam ake cusawa a cikinta. Akwai zaɓen abinci, yaro ya san abincin sarai amma yau ya ce ba ya so, ko ya tsince albasa da karas ya ture gefe. Akwai kuma ƙin baƙon abinci, wanda bai taɓa gani ba ko bai saba da kamanninsa ba. Wannan na biyun ya yi kama ƙwarai da ƙiwa. Yaro mai ƙiwa ba don baƙo ya yi masa laifi yake maƙale wa uwarsa ba, rashin sabo ne kawai, kuma kowace uwa ta san ba a raba yaro da ƙiwa ta hanyar fizge shi a danƙa wa baƙon. Baƙon ne zai riƙa zuwa yana zama kusa, har wata rana yaron ya miƙa hannu da kansa. Masana halayyar yara sun lura cewa ƙiwar abinci takan yi ƙarfi tsakanin shekara biyu zuwa shida, wato daidai shekarun hadana da rauda.

Sai ɗura, wadda kowane Bahaushe ya sani. A kwantar da yaro a cinya, a matse hannuwansa, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, wani lokaci a toshe hanci, dole ya haɗiye kafin ya shaƙi iska. Sai kuma ladabin ci, wato wanke hannu, bisimilla, zama wuri ɗaya, ci da dama, rashin wasa da abinci. Idan kaka ta ce a yi wa yaro tarbiyya, Abla ta ce ba a tilasta yaro, sau da yawa kowace wani abu dabam take nufi. Ladabi ana iya koyar da shi, a kuma tsaya a kai. Yawan abin da zai shiga cikin yaro kuwa wani sha'ani ne na daban.

Me ya sa ɗan shekara biyu ke canzawa?

Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku kafin ya cika shekara. Daga nan girman sai ya lafa, tsakanin shekara biyu zuwa biyar abin da yaro ke ƙarawa a shekara guda bai wuce kilo biyu ko ɗan sama da haka ba. Jikin da ya rage gudu dole ya rage neman abinci. Uwar da ta saba ganin jinjirinta yana shanye kofin kunu sai ta ga ɗan shekara biyu yana wasa da rabinsa, ta ɗauka ciwo ne. Cikin nasa ma ƙarami ne, ana kwatanta shi da dunƙulen hannunsa. Shi ya sa likitocin yara kan ba da ma'aunin farawa, kamar cokalin cin abinci ɗaya na kowane nau'i ga kowace shekara ta yaron, in ya cinye a ƙara masa. Da wannan ma'auni, mazubin da uwa ta cika maƙil ya dawo da rabi ba lallai ne ya nuna yunwa ba.

A shekarun nan ne kuma yaro ke gano kalmar "a'a". Ba shi da iko a kan lokacin tashi, ko kayan da za a sa masa, ko inda za a kai shi. Bakinsa kaɗai ne ƙofar da makullinta ke hannunsa.

Akwai batun gado. Wani bincike a kan dubban tagwaye a Birtaniya, wanda masana na jami'ar UCL ta Landan suka jagoranta aka wallafa a 2024, ya gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin yara wajen zaɓen abinci a wata 16 yana da nasaba da gado, kuma adadin ya haura kashi 70 daga shekara uku zuwa 13. Ma'anar wannan ita ce yara biyu za su iya tashi a ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, ɗaya ya ci duk abin da aka ajiye, ɗaya ya yi ta tsince-tsince. Zargin uwa da sangarta yaro, ko zargin Abla da sakaci, ba koyaushe yake da tushe ba. Binciken bai ce ba a iya canza komai ba, ya nuna ma cewa yanayin gida ya fi tasiri a farkon ƙuruciya.

Abin da zaman Hijaz ya ƙara

Yaron Bahaushe a Makka tukunya biyu yake rayuwa a tsakaninsu. A gida tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, kunun gyaɗa, waina ranar Juma'a. A hadana kuma ful da tamis, burodi da cuku, laban, makaroni, shinkafar kabsa. Kowane gefe baƙo ne ga ɗayan. Wani yaron yana cin tuwo da hannu a gida, a hadana aka ba shi cokali da shinkafa mai ƙamshin kayan yajin da bai sani ba. Wani kuma akasin haka, ya saba da na waje har ya ce miyar kuka ba ta yi masa ba, ran kaka ya ɓaci.

Ga tsarin dare. A biranen Hijaz iyalai kan kai tsakar dare ba su kwanta ba, musamman lokacin zafi, cin abincin dare ma a makare ake yi. Yaron da ya ci ya ƙoshi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, aka tashe shi ƙarfe shida da barci a idonsa, da wuya ya yi marmarin karin kumallo ƙarfe tara.

Sannan ga bakala, wato ƙaramin kanti, a kusan kowane lungu. A hanyar hadana a saya masa asir, wato ruwan 'ya'yan itace na kwali, da shibs, wato soyayyen dankali na leda, da biskit don ya yi shiru. Wannan ciye-ciyen ne ke kashe yunwa kafin lokacin ci. Saudiyya ta sa harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba mai gas a 2017, ta faɗaɗa shi zuwa sauran abubuwan sha masu sukari a ƙarshen 2019, amma ƙaramin kwalin asir har yanzu bai fi ƙarfin aljihun kowa ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar kada a ba jariri ruwan 'ya'yan itace kafin ya cika shekara, ɗan shekara ɗaya zuwa uku kuma kada ya wuce kimanin mililita 120 a rana. Madara ma haka. Yaron da ke wuni da fida a baki yana shan abin da ya zarce rabin lita sosai yakan ƙi abinci mai nauyi, kuma hakan na daga cikin sanannun hanyoyin kamuwa da ƙarancin jini a wannan shekaru, domin madarar shanu ba ta da wadataccen sinadarin ƙarfe. Shayin da ake ba yara tare da abinci shi ma yana rage yadda jiki ke tsotsar wannan sinadari.

Hujjar Kaka da hujjar Abla

Maganar kaka ba ta rasa dalili ba. Ita ta tashi ne a inda yaron da ya yi ƙyanda ko gudawa ya daina ci yakan zarce zuwa tamowa, wani a rasa shi. A idonta yaro mai ƙin ci yana bakin rami ne, ɗura kuma ceto ce. Akwai kuma abin dubawa a cewa yawancin binciken da Abla ke dogaro da shi an yi shi ne a Amurka da Turai, a kan yaran da abinci bai taɓa yanke musu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ce a ajiye wa ƙaramin yaro kwano a juya masa baya ba. Abin da take koyarwa shi ne a zauna da shi, a ba shi a hankali cikin haƙuri, a lallashe shi, a ƙara ƙoƙari lokacin da ba shi da lafiya da bayan ya warke. Sai dai ta gindaya sharaɗi, ban da tilas.

A nan ne ɗura ta faɗi. Yaron da ke kuka an toshe masa hanci yana iya ƙwarewa, kunu ya bi hanyar iska ya sauka huhu, ya jawo limoniya, wani lokaci ya shaƙe nan take. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi a kan haka. Ko yaro ya tsira daga wannan, ya riga ya haɗa cokali da tsoro a ransa.

Matsin lamba na baki, wanda babu duka babu ɗura, shi ma an gwada shi. A 2006 Amy Galloway da Leann Birch da abokan aikinsu suka wallafa wani gwaji da suka yi da yaran rauda a Amurka. An riƙa ba su romo iri biyu na tsawon makonni, wani ana ce musu su daure su shanye, wani kuma ba a ce musu komai. Yaran sun fi shan wanda ba a matsa musu a kai ba, kuma sun fi kushe wanda aka matsa musu. Tun farkon shekarun 1980 Birch ta nuna cewa sabo ne ke sa yaro son abinci, kuma yakan ɗauki sau takwas zuwa goma sha biyar ana gabatar masa da abu kafin ya karɓa. Yawancin iyaye a karo na uku ko na huɗu suke yanke hukunci cewa ba ya so.

Tsarin da hadana da yawa ke bi, ko sun san sunansa ko ba su sani ba, na wata masaniyar abinci ce a Amurka mai suna Ellyn Satter. Ta raba aikin gida biyu. Babba ne ke yanke abin da za a ci, da lokacin ci, da wurin ci. Yaro ne ke yanke ko zai ci, da yawan da zai ci. Masu sukar tsarin sukan manta rabin farko. Ba a ce yaro ya zaɓi Indomie kullum a soya masa ba, ba a kuma ce in ya ƙi shinkafa a ruga bakala ba. Ana ajiye abinci, a haɗa da abu ɗaya da aka san yana ci, a zauna kamar minti ashirin zuwa talatin, a kwashe ba tare da faɗa ba, sai kuma lokacin ci na gaba bayan awa biyu ko uku, tsakani ruwa kawai. Wannan horo ne mai ƙarfi, kuma babba ya fi yaro shan wuyarsa.

Inda masana ba su haɗu gaba ɗaya ba shi ne batun lada. Kusan duka sun yarda cewa "in ka cinye zan ba ka alawa" tana ɗaga darajar alawa ta kuma rage ta abincin. Amma wani gwaji a Landan da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa yabo ko 'yar sitika saboda yaro ya ɗanɗana ganyen da ba ya so sun taimaka, kuma tasirin ya ɗore har bayan wata uku. Mabiya tsarin Satter ba sa son ko wannan. Don haka hadana biyu masu kyau za su iya bambanta a nan. Ciyarwa da waya a gaban yaro kuwa, yana kallon katun ana zura masa cokali, tana kawar da rigima a lokacin, amma yaron bai san me ya ci ba, bai kuma koyi jin ƙoshinsa ba.

Abin da hadisai suka tsaya a kai

Iyaye kan kawo hujjar almubazzaranci, kuma gaskiya ne aya ta 31 a Suratul A'araf ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna. Sai dai maganin ɓarna a kwanon yaro shi ne a zuba kaɗan tun farko. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Umar ɗan Abu Salama yana yaro a gidan Manzon Allah (SAW), hannunsa na yawo a cikin akushi, sai ya ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci abin da ke gabansa. Umarni uku ne, dukkansu a kan ladabi. Abu Huraira kuma ya ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Da aka kawo masa naman damo ya janye hannunsa, Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa ba ya so. Khalid ya ci a gabansa. Abla tana da abin koyarwa a nan: yaro ba zai ce "ƙazanta" ko ya tofar a faranti ba, amma yana da damar cewa "na gode, ba na so".

Ɓangaren doka

Saudiyya ta fitar da dokar kariya daga cin zarafi a 2013, da dokar kare yara a 2014. Ta biyun ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta haramta cutar da shi a jiki ko a rai, ta haramta sakaci da shi, ta kuma wajabta kai rahoto. Ma'aikatar ilimi ta hana duka a makarantu. Akwai layin taimakon yara 116111, da 1919 na rahoton cin zarafi a cikin iyali. Saboda haka idan uwa ta ce, "Abla, na ba ki izini, ki matse shi ki ɗura masa," mai renon da ke wuri mai lasisi, wanda sau da yawa akwai kyamara a ɗakin, aikinta da lasisin gidan take jefawa cikin hatsari in ta amsa. Ita dokar kuma ta taɓo ɗaya gefen, domin barin yaro ya wuni ba a ko miƙa masa abinci ba sakaci ne. A gidan maƙwabciya mai riƙe yara babu mai sa ido, don haka can iyaye ne kaɗai za su faɗi abin da suka yarda da shi da wanda ba su yarda ba, tun ranar farko.

Lokacin da abin ya wuce zaɓe

Yawancin masu zaɓen abinci suna girma daidai. Amma akwai alamun da ba a jira da su. Yaron da nauyinsa ke raguwa ko ya tsaya cak wata da watanni, wanda ke ƙwarewa ko tari ko amai duk lokacin ci, wanda tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, ko yake cin ƙasa da ƙanƙara, ko abincinsa duka bai wuce 'yan nau'o'i kaɗan ba kuma kullum raguwa suke yi, wannan na likita ne. Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa suka ware irin matsanancin ƙin cin nan a matsayin lalura mai zaman kanta, suna kiranta ARFID, kuma an fi ganin tsananin zaɓe ga yara masu otizim, wanda Larabawa ke kira tawahhud. Irin wannan yaro yunwa ba ta sa shi ya sauko, don haka "ƙyale shi, in ya ji yunwa zai ci" na iya cutar da shi. Wani lokacin kuma dalilin ƙarami ne, ciwon haƙori, gyambon baki, ko cushewar ciki.

Abin da wannan ke nufi ga iyaye

Uwar da ke biyan kuɗin hadana tana da haƙƙin sanin abin da aka ba ɗanta, da ƙarfe nawa, da abin da ya ci. Tana da haƙƙin tambaya ko Abla tana zama ta ci tare da yaran, ko yara nawa ke hannun mace ɗaya lokacin ci, ko ana tsaga inabi a tsaye, a cire ƙwallon dabino, a kuma hana gyaɗa guda-guda ga waɗanda ba su kai shekara biyar ba. Ita kuma Abla tana buƙatar sanin gaskiyar abin da ya shiga cikin yaron kafin ya iso, da lokacin da ya kwanta. Idan hadana ta tsaya a kan lokacin ci, gida kuma aka tare shi da shibs tun a mota, yaron ya gane cewa in ya daure zuwa la'asar zai sami abin da ya fi daɗi.

Hadana tana da wata dama da gida mai yaro ɗaya ba shi da ita. A 1980 Birch ta zaunar da yaro mai ƙin wani ganye tare da sa'o'insa masu son ganyen, cikin 'yan kwanaki ya fara zaɓarsa. Wannan shi ne abin da kwano ɗaya ke yi a gidajen Hausawa tun tuni, yara su kewaye tuwo, ƙarami ya ga yayyensa suna kai loma shi ma ya miƙa hannu. Kakar da ta zauna da jikanta a kan shimfiɗar cin abinci ɗaya ranar Juma'a, tana cin tuwonta da miyar kuka tana santi, ta gutsura masa 'yar loma ta ajiye a gefensa ba ta ce komai ba, aikin da Abla ke yi a hadana take ci gaba da shi.

Gardamar ko yaron yana samun abin da ya ishe shi kuwa ba a warware ta da mazubin wuni ɗaya. Ana duba cin mako guda ne gaba ɗaya, domin yaro kan ci sosai yau ya yi wasa da abinci gobe. Sannan a kai shi cibiyar lafiya ta unguwa ko mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a auna nauyi da tsayi, a ɗora a kan jadawalin girma da ke cikin katinsa, a sake aunawa bayan wata biyu ko uku, a kuma tafi da katin gida a nuna wa Kaka.